Waɗanda Ba A Tambaya Ba: Ɓallewa Da Yaƙin Basasa A Amurka Da Nijeriya



An nemi in yi magana a kan yadda yaƙin basasa yake ɓarkewa, aka kuma ba ni misalin Amurka, inda jihohin Kudu suka ɓalle a 1860 da 1861 saboda maganar bauta. Na karɓi misalin. Amma ina ganin bai dace mutum ya tsaya a Kaduna, arewa da kogi, ya share sa'a guda yana ba da labarin yaƙin wata ƙasa ba, alhali kuwa gidan da aka fara zubar da jinin da ya jawo namu yaƙin yana nan a kan Titin Rabah. Saboda haka zan haɗa biyun. Abin da nake so mu duba shi ne wannan: duk lokacin da shugabannin wani yanki suka tashi suka ce "mu za mu fita", to a cikin wannan "mu" ɗin akwai mutanen da ba wanda ya tambaye su. A ƙasashen nan biyu kuwa, waɗannan mutane su ne suka juya akalar al'amarin.

Bari mu fara da Amurka. A ƙidayar 1860 mutanen ƙasar sun kai miliyan 31, kusan miliyan 4 daga cikinsu bayi ne baƙar fata, galibinsu suna noman auduga a gandayen Kudu. Tun ranar da aka rubuta tsarin mulkin ƙasar ake kewaye maganarsu. Har an yarda cewa wajen raba kujerun majalisa, bayi 5 za a lissafa su mutum 3, watau bawa ba shi da ƙuri'a amma kansa yana ƙara wa ubangijinsa kujera. Mu da muka san irin rigimar da ƙidayar 1962 da ta 1963 suka tayar a nan, ba sai an yi mana dogon bayani a kan haɗin ƙidaya da mulki ba. Duk sa'ad da ƙasar ta faɗaɗa yamma, sai gardama ta tashi: sabuwar jiha za ta halatta bauta ko za ta hana? Aka yi sulhu a 1820, aka sake yi a 1850, aka warware na farkon a 1854. A 1857 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba.

A watan Nuwamba 1860 aka zaɓi Abraham Linkon, da kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u. Jam'iyyarsa ba ta yi alkawarin 'yanta bawa ko ɗaya a Kudu ba, abin da ta ce shi ne bauta ba za ta shiga sababbin yankuna ba. Wannan kaɗai ya ishi masu gandaye, domin sun gane cewa in an hana abin yaɗuwa, to rinjayensu a majalisa ya ƙare. Ranar 20 ga Disamba 1860 Karolina ta Kudu ta ɓalle. Kafin a rantsar da Linkon ran 4 ga Maris 1861 jihohi 7 sun fita, sun kafa tasu gwamnati da Jefferson Davis a kai. Bayan yaƙi an yi ta ƙoƙarin a nuna wai 'yancin jihohi suka tashi karewa, amma takardar da Karolina ta Kudu ta rubuta da hannunta tana nan, kuma babban kukanta a ciki shi ne jihohin Arewa sun ƙi mayar da bayin da suka gudu.

Da asubahin 12 ga Afrilu 1861 aka buɗe wuta a kan sansanin Sumter, wanda ke bakin tashar jiragen ruwa ta Charleston. An yi sa'a 34 ana ruwan igwa, kuma abin mamaki, ba wanda harbin ya kashe. Linkon ya nemi 'yan sa kai 75,000 na wata 3 kacal, don a zatonsa aikin ba zai wuce haka ba. Wannan kira ya sa wasu jihohi 4 suka bi sahun 'yan'uwansu, suka cika 11. Yaƙin da aka yanka wa wata 3 ya ci shekara 4, ya kuma ci rayukan soja fiye da 620,000.

To, su wa aka tambaya kafin a fita? Jihohin nan 11 suna da mutum wajen miliyan 9, kuma miliyan 3 da rabi bayi ne. A Karolina ta Kudu da Misisipi ma bayi sun fi 'ya'ya yawa. Ke nan jihar da ta fara cewa "mu mutanen Karolina", fiye da rabin mutanenta ba su da baki a maganar. Ba a jima ba suka ba da amsa da ƙafafunsu. A watan Mayu 1861 bayi 3 suka tsere zuwa sansanin Monroe a Bajiniya, mai su ya aiko a mayar masa, Janar Benjamin Butler ya ƙi, ya ce tun da Bajiniya ta ce ita wata ƙasa ce, to waɗannan sun zama ganimar yaƙi. Daga 3 sai ɗaruruwa, daga ɗaruruwa sai dubbai. Linkon, wanda ya shiga yaƙi yana cewa haɗin kan ƙasa kaɗai ya sa a gaba, tilas ta sa ya yi shelar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye ran 1 ga Janairu 1863. Baƙar fata kusan 180,000 suka sa kakin sojan Arewa. Haka nan talakawan fararen fata na kan duwatsun yammacin Bajiniya, waɗanda ba su da gandu ba su da bawa, suka ɓalle daga masu ɓallewa, suka zama jihar Bajiniya ta Yamma a 1863.

A cikin sojan nan baƙar fata har da namu. Muhammadu Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, a Kukawa ta Barno aka haife shi. Mahara suka kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istambul, daga nan Rasha, ya sami 'yancinsa, ya isa Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts. Ya bar littafin tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1873. Na kawo sunansa ne domin in jawo mu gida, saboda laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Yaron nan a ƙasarmu aka fara sayar da shi.

Masu bincike, musamman Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, sun ƙiyasta cewa a wajejen 1900 bayin da ke cikin Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Kalmomin suna nan a bakinmu har yau: rinji, gandu, murgu, fansa, bacucane. A nan ba a yi yaƙin basasa a kan bauta ba, Turawa ne suka zo suka same ta, suka kuma ɗauke ta hujjar cin ƙasa. Shelar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma ba ta ce a saki waɗanda ke hannu ba, don Lugga yana tsoron gandaye su watse, sarakunan da yake mulki ta hannunsu su rasa ƙarfi. Aka bar bawa ya yi ta biyan murgu har ya fanshi kansa a gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungum a dokar Arewa.

Ku lura da wannan shekara. Daga 1936 zuwa 1966 shekara 30 ce tak. A kudancin Zazzau, da kan dutsen Jos, da kwarin Binuwai, akwai tsofaffi a 1966 waɗanda iyayensu suka ba su labarin hari baki da baki, suka nuna musu kogunan dutsen da ake ɓuya. Mu 'yan birni mukan manta da wannan, ko kuwa mu ji nauyin faɗinsa. Su ba su manta ba. A ganina, wanda bai sa wannan a lissafi ba, ba zai gane dalilin da ya sa aka kafa jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ba, ko koke-koken da aka kai gaban Hukumar Willink a 1957 da 1958, ko tarzomar ƙasar Tibi ta 1960 da 1964. Gaskiya ne akwai maganar haraji, da kotunan En'e, da hakiman da ake naɗa wa mutane daga wani wuri. Amma a ƙarƙashin duk waɗannan akwai tsohon tsoro, na kada a bar su su kaɗai a ɗaki guda da jikokin waɗanda suka kai wa kakanninsu hari.

Yanzu sai mu zo kan kalmar ɓallewa. Yawancin ɗalibanmu in an ce ɓallewa sai su tuna Ojukwu, alhali kalmar ta daɗe tana yawo kafin shi, kuma a bakinmu ta fi daɗewa. A taron Badun na 1950 Sarkin Zazzau Ja'afaru, tare da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar. A 1953, bayan Anthony Enahoro ya kawo batun mulkin kai a 1956, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko, aka kuma yi tarzoma a Kano cikin watan Mayu, majalisun Arewa suka zauna a nan Kaduna suka amince da ƙudurori 8 waɗanda, in da an bi su, da abin da zai rage tsakanin jihohi bai wuce tsaro da kwastan da hulɗa da ƙasashen waje ba. A taron Ikko na 1954 kuma jam'iyyar Awolowo ce ta nemi a rubuta 'yancin ɓallewa cikin tsarin mulki, Azikiwe da jam'iyyarsa suka ƙi. Watau a cikin manyan jihohi 3, ta Gabas ce ta zo ƙarshe wajen wannan magana.

Daren Jumma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin goman ƙarshe na azumi, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya fito da soja da sunan atisayen dare wanda aka laƙaba wa Damisa. Sunansa na tsakiya ya isa shaida: a garin nan aka haife shi a 1937, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma shi ne babban mai koyarwa a makarantar horon soja ta Kaduna. Suka kashe Firimiya, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da uwargidansa Hafsatu. A garin nan dai aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa, da Kanar Shodeinde. A Ikko aka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, a Badun aka kashe Firimiya Akintola. Manyan hafsoshin Arewa 4 suka tafi a dare ɗaya: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar-Kanar James Pam da Laftanar-Kanar Abogo Largema.

An yi ta muhawara a kan niyyar waɗannan manjoji, kuma ba zan tsaya a kanta ba. Akwai Bayarabe a cikinsu, Ademoyega, akwai kuma Ibo cikin waɗanda suka kashe, Laftanar-Kanar Unegbe. Amma mutumin da ke zaune a Unguwar Sarki ko Tudun Wada ba niyya yake gani ba, lissafin gawa yake yi. Ya ga yawancin masu juyin Ibo ne, ba ɗan siyasar Gabas ko ɗaya da aka taɓa, wanda mulki ya faɗa hannunsa, Janar Aguiyi-Ironsi, shi ma Ibo ne, kuma watanni suna ta wucewa ba a gurfanar da kowa gaban shari'a ba.

Abin da ya fasa ƙurjin kuwa ya shafe ku kai tsaye, ku ɗalibai da ma'aikata, domin a kan aikin gwamnati ne. Ran 24 ga Mayu 1966 Ironsi ya kafa Doka ta 34, wadda ta soke tsarin tarayya, ta mayar da jihohi rukunin larduna, ta kuma haɗe ma'aikatan ƙasar wuri guda. Ku tuna Sardauna ya yi shekaru yana aikin cusa 'yan Arewa a ofisoshin Arewa, domin mun shiga makarantar boko a makare. Akawun da ke Sakatariyar Kaduna ya duba ya ga in aka jera shi layi ɗaya da takwaransa na Inugu ko Badun, aka ce takardar shaida ce za ta raba gardama, to shi da ƙarin girma sai dai ya ji a salansa. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ake jira da kujerar Di'o, ya ga kujerar tana neman suɓucewa. Ɗaliban suka fito zanga-zanga a Zariya, daga 29 ga Mayu abin ya rikiɗe ya zama kisa a garuruwan Arewa, aka hallaka ɗaruruwan mutanen Gabas. Kalmar da ke bakin jama'a a kwanakin nan ita ce "a raba". Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a wannan karon ya zama.

Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama. Aka kashe Ironsi a Badun tare da mai masaukinsa Laftanar-Kanar Fajuyi, aka bi hafsoshi da ƙananan sojoji Ibo a barikoki, har da na nan Kaduna. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, waɗanda suka taru a barikin Ikeja a ƙarƙashin Laftanar-Kanar Murtala Muhammad ba mulkin Nijeriya suka fito nema ba. Niyyarsu su kwashe nasu su koma gida, har sun sa iyalansu a jirgin sama an yi Arewa da su. Kwana 3 ƙasar ba ta da shugaba. Manyan sakatarori na Ikko, da Alƙalin Alƙalai Sir Adetokunbo Ademola, da jakadun Ingila da Amurka, suka yi ta kai da kawowa suna nuna musu abin da ke gaba: Arewa ba ta da bakin teku, gyaɗarta da audugarta ta jirgin ƙasa suke bi zuwa Apapa da Fatakwal, ga kuma man fetur da aka fara fitarwa tun 1958. Ran 1 ga Agusta Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya yi jawabi a rediyo a matsayin shugaba, kuma ko a cikin jawabin nan akwai inda ya nuna cewa tushen haɗin kai ya raunana.

Littattafai da yawa sukan tsaya a kan jakadu da tashar jirgin ruwa. Ni ina ganin akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi, kuma a cikin barikin yake. Su wane ne ke riƙe da bindigogin? Kaso mai yawa na ƙananan sojan Arewa Tibi ne, da Angas, da Jukun, da Bacama, da mutanen kudancin Zazzau. Gowon ɗan Angas ne da ya tashi a Wusasa. Theophilus Danjuma daga Takum yake, Joseph Akahan kuma Batibe ne. Ga waɗannan mutane, Jamhuriyar Arewa mai cin gashin kanta na nufin komawa cikin ɗakin nan da na ambata ɗazu, a kuma rufe ƙofa. A cikin Nijeriya suna da wurin kai ƙara, a wajenta babu. Su ne waɗanda ba a tambaya ba sa'ad da ake cewa a raba, sai ga shi bindiga tana hannunsu, ɗansu kuma yana kan kujera.

Shaidar wannan ta fito fili a taron tsarin mulki da aka buɗe a Ikko ran 12 ga Satumba 1966. Wakilan Arewa, a ƙarƙashin Sir Kashim Ibrahim, sun shiga da takardar da ke neman sassauƙan haɗi tsakanin jihohi, har da 'yancin kowace jiha ta fita in ta ga dama. Cikin 'yan kwanaki suka janye ta, suka kawo wata mai neman gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, da ƙirƙiro sababbin jihohi, ba kuma maganar fita. Jihar Yamma ta Tsakiya, wadda ita kanta ta ƙananan ƙabilu ce, tun farko a kan tarayya ta tsaya.

Ana cikin wannan taro aka yi abin da ya fi kome muni. Daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba aka far wa mutanen Gabas a garuruwan Arewa, bayan an yaɗa labarin da aka ɗauko daga rediyon Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas. Ran 1 ga Oktoba sojan bataliya ta 5 suka yi bore a Kano, suka yi kisa a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, sai da Gwamna Hassan Usman Katsina ya je da kansa ya tsaya a gabansu. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a wannan shekara ya kama daga 8,000 zuwa 30,000, kuma fiye da mutum miliyan 1 suka gudu Gabas. An kashe 'yan Arewa a can ma, wannan gaskiya ne, amma ba ya wanke wancan. Telan da aka kashe a shagonsa bai san Nzeogwu ba, ba a kuma yi shawara da shi ba. Akwai Hausawa da yawa da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, suka raka su tasha da dare, sai dai ba su kai yawan da za su hana abin faruwa ba.

A nan ne tilas mu yi hattara da kwatancen Amurka. An sha kwatanta Gowon da Linkon, kuma ta fuskar riƙe ƙasa ɗaya kwatancen yana da hanya. Amma wanda ya ɗora Biyafara a kan ma'aunin jihohin Kudu na Amurka ya yi zalunci. Waɗancan sun fita ne don su ci gaba da mallakar mutane, ba wanda ya taɓa ko gashin kansu. Waɗannan kuwa sun fita ne bayan sun ga jiragen ƙasa suna sauke musu gawawwaki da raunana a tashar Inugu. Tsoronsu na gaskiya ne.

Inda kwatancen ya tsaya da ƙafarsa shi ne wajen waɗanda ba a tambaya ba. Jihar Gabas tana da mutum miliyan 12 da 'yan kai a ƙidayar 1963, kuma fiye da sulusinsu ba Ibo ba ne: Ibibiyo, Efik, Ijo, Ogoni, mutanen Ogoja da sauransu. Tun shekarun 1950 suke neman jiharsu ta Kalaba da Ogoja da Ribas, gwamnatin Inugu tana hanawa, kamar yadda gwamnatin Kaduna take hana tasu Tarka. Bakin teku a ƙasarsu yake, haka ma yawancin rijiyoyin mai. A watan Fabrairu 1966 wani saurayi Ijo, Isaac Boro, ya yi shelar jamhuriyar yankinsa, aka murƙushe shi cikin kwana 12, aka yanke masa hukuncin kisa, a lokacin kuwa Ojukwu ne gwamnan Gabas. Wanzami dai ba ya son jarfa. Gowon ya yi wa Boro afuwa, ya shiga sojan Tarayya, ya mutu a fagen fama a 1968. Ba duka ne suka juya wa Biyafara baya ba, don Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, Ibibiyo ne. Amma ba a taɓa jefa ƙuri'ar jin ra'ayinsu ba.

Taron Aburi a Gana, ran 4 da 5 ga Janairu 1967, ba zan daɗe a kansa ba. An sa hannu, kowa ya koma gida da tasa fassarar, manyan sakatarorin Ikko suka nuna wa Gowon cewa abin da aka sa wa hannu ya kusa zama rabuwa, Dokar da aka fitar a watan Maris kuma Ojukwu ya ce ba ta cika alkawari ba. Ran 1 ga Mayu Awolowo ya faɗa a Badun cewa in aka bar Gabas ta fita, Yamma ma za ta bi. A farkon watan nan ne sarakuna da shugabannin Arewa suka taru a Kaduna suka amince a ƙirƙiro jihohi a Arewa. Ku auna nauyin wannan mataki. Abin da Sardauna ya ƙi har ya koma ga Allah, watau a taɓa Arewa ɗaya, shi magadansa suka miƙa da hannunsu wata 16 bayan rasuwarsa, domin sun gane cewa muddin Arewa tana nan a dunƙule, ta fi sauran jihohi duka yawan jama'a, ba mai yarda ya zauna.

Ran 27 ga Mayu 1967 majalisar shawara ta Inugu ta ba Ojukwu izinin ɓallewa. A daren ranar Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, 6 a Arewa, 3 a Gabas. Da alƙalami ɗaya ya ba mutanen Kalaba da na Fatakwal abin da suka yi shekaru suna nema, ya ba Binuwai da Filato nasu, ya kuma cire wa Yarabawa tsoron Arewa. Ran 30 ga Mayu Ojukwu, haifaffen Zungeru, wanda wata 16 kafin nan yake kwamandan bataliya ta 5 a Kano, ya yi shelar Jamhuriyar Biyafara. Ran 6 ga Yuli aka yi harbin farko a Gakem, kusa da Ogoja. Rundunar da ta yi shi, ta Kanar Muhammadu Shuwa, hedkwatarta a nan Kaduna take. Gwamnati ta kira abin aikin 'yan sanda, kamar dai yadda Linkon ya yanka wa nasa wata 3. Sai da sojan Biyafara suka ƙetara Kwara ran 9 ga Agusta, suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya har suka kai Ore, sa'an nan kowa ya san yaƙi ake yi. Ya ɗauki wata 30. An yi kisan farar hula a Asaba a watan Oktoba 1967, yunwa ta kashe yara ba iyaka, kuma ƙiyasin mamata ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2. Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan ran 15 ga Janairu 1970, shekara 4 cif bayan daren Titin Rabah. Shi kuwa Nzeogwu tun a ƙarshen Yulin 1967 aka kashe shi kusa da Nsukka yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, Gowon ya sa aka kawo gawarsa Kaduna aka binne a maƙabartar soja da cikakkiyar girmamawa.

Rabon da aka yi ta kira a 1966 an yi shi, amma Arewa aka raba. Ran 1 ga Afrilu 1968 sababbin jihohi suka fara aiki, ma'aikatan Sakatariyar Kaduna suka ɗaure kaya, kowa ya nufi jiharsa ta asali, aka raba fayil-fayil da motoci da kujeru. Abin da bai rabu ba, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da jaridar New Nigerian da Rediyon Kaduna, aka kafa hukumar riƙo ta ICSA ta kula da su har tsakiyar shekarun 1970. Garin da ya yi shekara 50 yana mulkin fiye da rabin Nijeriya ya koma hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama Jihar Kaduna a 1976, aka kuma cire Katsina daga cikinta a 1987. Jihohi 12 sun zama 36, kuma a cikin kowace sabuwar jiha sai an sami waɗanda ke cewa su ba a tambaye su ba. Mutanen kudancin wannan jiha suna cikinsu. Bayan rikicin shekarar 2000 ma garin nan da kansa ya yi nasa rabon ba tare da wata doka ba, Musulmi da yawa suka ƙauro arewa da kogi, Kirista da yawa suka koma kudu, gada ta zama kamar kan iyaka.

A watan Yuni 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka kira 'yan jarida a Gidan Arewa, watau gidan Sardauna na Titin Rabah wanda ya zama cibiyar binciken tarihi tun 1970, suka ba Ibo mazauna Arewa wa'adin su tashi kafin 1 ga Oktoba, wai martani ne ga masu neman farfaɗo da Biyafara. Gwamnatin jiha ta yi tir da su, su ma suka janye kafin wa'adin ya cika. Sun ce da sunan Arewa suke magana, kamar yadda na can suke cewa da sunan Gabas suke yi. A ranar da suke karanta takardarsu akwai Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a garin nan waɗanda a asibitocin Kaduna aka haife su, akwai Hausawa a Ama Hausa ta Owerri da kasuwar shanu ta Lokpanta waɗanda 'ya'yansu suka fi jin Ibo da Hausa, ga direbobin da suka kwana a hanya da lodin albasa da tumatir za su Anaca. Ba ko ɗayansu da aka gayyata zauren.